Daga Ɗigo Zuwa Tsoka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Hoton Street Fighter Ya Sauya

Ka ajiye hoton Ryu, jarumin wasan bidiyo na faɗa mai suna Street Fighter, na 1987 kusa da na 2023, da wuya wanda bai san wasan ba ya yarda mutum ɗaya ne. Na farkon ɗan siriri ne mai jan gashi da jan takalmi, ɗigogin da aka zana shi da su ma suna ƙirguwa. Na biyun magidanci ne mai gemu, har gumin da ke gangarowa a kafaɗarsa ana gani. Tsakaninsu shekara 36 ce ta aikin kamfanin Capcom na birnin Osaka a Japan. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan tafiya.

Ai bugu ne gaba a wasan faɗa, me ya kawo maganar hoto?

A irin wannan wasa hoton shi ne bugun. Wasan yana nuna hoto 60 cikin kowace daƙiƙa, kowane ɗaya ana ce masa firam. Kowane naushi kuma kashi uku ne: ɗaga hannu, saukar bugu, sai janye hannu. A Street Fighter 6 naushi mafi sauri yana sauka a firam na 4, babban farmakin nan na Drive Impact kuwa sai a na 26, wato bai kai rabin daƙiƙa ba. Cikin wannan ɗan tsukin ne ake so idonka ya gane abin da ke tafe, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, yatsa ya danna maɓalli. Idan mai zane bai fito da ɗaga hannun fili ba, za ka sha duka ba tare da laifinka ba. Shi ya sa nake auna kowane sabon salo da tambaya guda: ya sauƙaƙa wa ido karanta abokin karawa, ko ya dagula masa?

Yaya wasan farko na 1987 yake?

Takashi Nishiyama ne ya jagorance shi, kuma an yi shi ne don injinan jefa tsaba na gidajen wasa. Zanen kowane motsi kaɗan ne, don haka jarumai na tsalle kamar ana fizgar su da igiya, kuma fitar da Hadoken, dunƙulen wutar da Ryu ke jefawa daga tafin hannu, sai an yi sa'a. Wani samfurin injin ma manyan maɓallan roba yake da su, waɗanda ƙarfin dukan da ka yi musu shi ne ƙarfin naushin. Daga baya aka koma maɓalli shida, uku na hannu uku na ƙafa, tsarin da ya ɗore har yau.

Mene ne ya sa Street Fighter II ya bambanta haka?

Ya fito a 1991 a kan allon lantarki na Capcom mai suna CPS-1. Faɗin hotonsa ɗigo 384 ne, tsawonsa 224. Akira Nishitani ne ya tsara wasan tare da mai zane Akira Yasuda, wanda aka fi sani da Akiman.

Injin ba ya ajiye hoton jarumi a dunƙule. Yana ɗinka shi ne daga ƙananan murabba'ai masu ɗigo 16 ta kowane ɓangare, kamar mai haɗa zane da ƙyallaye, kuma kowane murabba'i launi 16 kacal yake da su, ɗaya daga ciki ma na wurin da ba a so a ga komai ne. Duka zanen wasan, jarumai 12 da filayensu da rubuce-rubuce, kusan megabait 6 ne. Hoto biyu na wayar zamani sun cinye wannan. Saboda haka sai masu zane suka koma ga takarda mai gidaje-gidaje, suna yanka tsayuwar jarumi gunduwa-gunduwa suna cusa ta duk inda suka ga gurbi. Idan ƙafafu ba su motsa ba tsakanin tsayuwa biyu, ba a sake zana su, kafaɗa da hannu kawai ake sauyawa.

Akwai wani labari da ke nuna ƙuncin da suka yi aiki a ciki. Ana dab da kammala wasan Akiman ya lura an yi kuskuren harafi a kalmar ƙarshe ta taken wasan, wato The World Warrior, an sa "e" a wurin "o". An riga an ƙona zanen a kan memori, babu halin sake shi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne umarnin da ke cewa wane murabba'i zai zauna a ina. Sai ya aro haruffa daga kalmar da ke gabanta ya liƙa. Matsala ta rage guda: harafin "l" ya samu a inda yake buƙatar "i". Ya yi ta bincike har ya gano wani murabba'i na ƙaurin Guile, sojan da ke cikin jaruman wasan, wanda ɗigo ɗaya tak ke cikinsa, ya ɗora shi a kan harafin ya datse kansa, ɗigon "i" ya fito. Miliyoyin mutane sun kalli wannan take ba su san akwai ƙafar soja a ciki ba.

Da irin wannan tsimi ne aka fitar da hannun Dhalsim mai miƙewa, da giwayen da ke bayansa, da mai keken da ke wucewa a kasuwar Chun-Li. Hatta zurfin da ido ke gani a daɓen fili dabara ce: kowane layi na hoton yana tafiya da saurinsa daban, na kusa ya fi na nesa gudu. Wani abin da ake mantawa shi ne, don tsohuwar talabijin mai ƙusumbi aka yi zanen, wadda ke narkar da ɗigo cikin ɗan'uwansa. A sikirin na yanzu kana ganin kaifin da masu zanen ba su taɓa nufin a gani ba.

Me ya sa Ryu da Ken suke kamar an tsaga kara?

Jikinsu ɗaya ne a memori. Kai aka sauya, sai launin riga. Da wannan dabarar ta sauya launi ce Champion Edition na 1992 ya ba mutum biyu damar zaɓar jarumi ɗaya. Haka kuma ɓangare ɗaya kawai ake zanawa, idan jarumi ya juya sai injin ya kifa hoton kamar madubi. Ka lura da Sagat: abin rufe idonsa yana ƙaura daga wannan ido zuwa wancan duk lokacin da ya sauya gefe.

Da gaske ne jerin bugu, wato kombo, kuskure ne?

Ba a zauna an tsara shi ba. An so a sauƙaƙa fitar da manyan dabaru irin su Hadoken, sai aka bar injin ya karɓi umarnin ko da an riga an fara wani naushi. Sakamakon haka, dabarar na iya katse firam ɗin janye hannu ta faɗa wa abokin karawa tun bai farfaɗo ba. Masu aikin sun gani, suka bar shi. Ka ga ashe ginshiƙin duk wasannin faɗa na yau daga yanke zanen motsi ya samo asali.

Me ya hana su amfani da hoton mutane na gaske kamar Mortal Kombat?

An gwada. Mortal Kombat na kamfanin Midway a Amurka ya fito a 1992 da hotunan 'yan wasa na zahiri da aka ɗauka da kyamara, ya kuma ja kasuwa. A 1995 aka fitar da wani Street Fighter ta wannan hanya, da hotunan waɗanda suka fito a fim ɗin wasan, ciki har da Jean-Claude Van Damme. Bai karɓu ba, kuma dalilin a bayyane yake. Jikin mutum yana da iyaka. Mai zane na iya kumbura dunƙulen hannu ninki biyu na tsawon firam ɗaya don a ji nauyin naushi, ko ya lanƙwasa ƙafa yadda ƙashi ba zai yarda ba. Kyamara abin da ta gani kawai take bayarwa.

Salon Street Fighter Alpha fa?

Alpha na 1995, wanda ake kira Zero a Japan, ya bar inuwa mai hawa-hawa ta wasa na biyu ya koma launi shimfiɗaɗɗe da layi mai kaifi irin na zanen katun na Japan. Salon ya fi saurin zanawa, ya kuma fi fitowa fili idan faɗa ya yi zafi.

Me ya sa har yau ake yabon Street Fighter III?

Domin a nan zanen hannu ya kai maƙura. Ya fito a 1997 a kan sabon allo, CPS-3, mai yalwar launi da memori, aka sake gyara shi sau biyu, na ƙarshen shi ne 3rd Strike na 1999. Masu zanen da suka shekara suna ƙirga murabba'i sai ga su da fili, kuma ba su yi wasa da shi ba.

Ka tsayar da Ryu ya jefa Hadoken, ka bar kallon wutar, ka kalli rigarsa. Iskar bugun tana kaɗa ta baya, bakin hannun rigar ya yi rawa, ɗamarar ta biyo daga baya, sannan komai ya lafa ɗaya bayan ɗaya. Ka dubi Elena, 'yar Kenya mai faɗa da ƙafa zalla: ko ba ka taɓa maɓalli ba ba ta tsayawa, nauyinta na zuba daga ƙafa zuwa ƙafa babu inda ya karye. Wasu motsinta an bi sawun bidiyon mutum na gaske ne firam bayan firam, aka sake zana su da hannu. Shi kuwa Gill, babban abokin gaba, rabin jikinsa ja ne rabi shuɗi, kuma idan ya juya launukan ba sa musanya. Da gangan aka yi shi haka don a nuna matsalar idon Sagat ta zama tarihi.

Wannan yawan zane ba ado ba ne kawai. Wasan ya zo da dabarar kaɗe bugu: maimakon ka ja baya ka kare, sai ka tura gaba daidai lokacin da bugun zai sauka. Wannan ba ya yiwuwa sai kowane motsi yana da kari bayyananne da ido da kunne za su riƙe. A Evo, babbar gasar wasannin faɗa, ta 2004 a Kalifoniya, Daigo Umehara na Japan yana riƙe da Ken, ran Ken ɗin saura ƙiris, ko karewa ya yi zai mutu. Justin Wong na Amurka ya sakar masa babbar dabarar Chun-Li. Daigo ya kaɗe shuri 15 a jere, na ƙarshen a sama, ya sauko ya gama da shi. Ana yabon hannunsa, kuma ya cancanta. Ni dai ina ƙara wa masu zanen nasu kason, don su suka ba kowane shuri lokacinsa tsaf har mutum ya iya haddace shi.

To me ya sa aka daina zanen hannu, tunda ya yi kyau haka?

Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Lokacin da wasan ya fito, idon jama'a ya riga ya koma kan 3D, tun daga Virtua Fighter na Sega a 1993 da Tekken na Namco a 1994. Gidajen wasa na raguwa, allon yana da tsada, kuma an zubar da kusan duk tsoffin jarumai in ban da Ryu da Ken, sai a 3rd Strike Chun-Li ta dawo. Wasa shida kacal aka taɓa yi a kan CPS-3.

Akwai kuma lissafin aiki. A zanen hannu, sauya wa jarumi riga na nufin sake zana ɗaruruwan hotuna. A 3D kuwa ana gina jiki sau ɗaya da dubban ƙananan alwatika, a sa masa ƙwarangwal a ciki, sannan duk rigar da aka ɗora masa za ta bi motsin. Da manyan talabijin masu kaifin hoto suka shigo, aikin ya ƙara ninkuwa. A 2008 an sake zana Super Street Fighter II Turbo da manyan hotuna masu tsabta, amma aka bar adadin firam yadda yake don kada wasan ya sauya. Sai tsallen da ke tsakanin zane da zane, wanda ɗigo ke rufa wa asiri, ya fito ƙarara. Kamfanin SNK ya dage da zanen ɗigo har The King of Fighters XIII na 2010, shi ma daga nan ya koma 3D.

Street Fighter IV na 3D ne ko na 2D?

Duka biyun. Jiki da fili na 3D ne, faɗan kuwa a layi ɗaya yake, gaba da baya da sama. Ba shi ne gwajin farko ba, Street Fighter EX na kamfanin Arika ya riga shi tun 1996, sai dai jaruman can kamar an sassaƙa su da gatari suke. Na huɗun ya fito a gidajen wasa a 2008, ya shiga PlayStation 3 da Xbox 360 a 2009, ƙarƙashin Yoshinori Ono tare da kamfanin Dimps, bayan shekara 11 babu sabon lamba a jerin.

Babban hukuncin da suka yanke ba a ganinsa da ido. A wasannin da, abin da ke tantance bugu ya taɓa ko bai taɓa ba wasu akwatuna ne ɓoyayyu, ɗaya a kan hannun mai bugu, wasu a kan jikin wanda ake bugu. In sun haɗu, bugu ya ci. Da farko an gwada barin jikin 3D ɗin kansa ya yi wannan aiki, sai wasan ya daina jin kamar Street Fighter. Aka dawo da akwatunan. An kuma guji kwaikwayon mutum sak: hannaye manya, ƙafafu manya, idanu na zazzarowa idan naushi ya shiga ciki, ga feshin baƙar tawada kamar ta buroshi da ke bin bugun da ake kira Focus Attack don ka gane shi daga nesa. Kyamara ba ta cika barin wurinta ba sai lokacin babbar dabarar da ake kira Ultra Combo, inda babu abin da mai wasa zai danna.

Ina Street Fighter V ya yi tuntuɓe?

Ya fito a Fabrairun 2016 a PlayStation 4 da kwamfuta, an gina shi da manhajar haɗa wasanni ta Unreal Engine 4, da jarumai 16. Motsinsa yana da nauyi mai kyau, haskensa ya fi na baya. Amma gashi da sarƙa da tufafi kan ratsa jiki su fito ta ɗaya gefen, gashin Ken kuma ya sha suka. Abin da ya fi ciwo shi ne jinkiri: tsakanin danna maɓalli da ganin motsi kusan firam 8 ne a farkon fitowarsa. A wasan da naushi ke sauka a firam 3, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yana mayar da abin da ya kamata ido ya gani ya zama caca. An rage jinkirin daga baya, wasan ya gyaru sosai, amma sunan farko ya riga ya bi shi.

Wane sabon abu Street Fighter 6 ya zo da shi?

Ya fito ranar 2 ga Yuni, 2023, da jarumai 18, Takayuki Nakayama ne darakta. An gina shi da RE Engine, injin Capcom na gida wanda aka fara amfani da shi a Resident Evil 7 a 2017. Fata ta zama fata, yadi ya zama yadi. Ka kalli bayan Zangief ko damtsen Marisa lokacin da suka ɗaga hannu, tsoka na tattaruwa tana saki. Faɗa na tsawo, gumi da ƙura da ƙujewa na taruwa a jiki.

Tsoron da na ji kafin fitowarsa shi ne kada wannan kamanni da zahiri ya haɗiye bayani. Sai suka magance shi da launi. Drive Impact na zuwa da feshin fenti irin na rubutun bango, Drive Rush na barin koren sawu, Drive Parry shuɗi ne, dabarar da aka ƙara wa ƙarfi na walƙiya da rawaya, wanda ƙarfinsa ya ƙare kuma sai launinsa ya koɗe, tsayuwarsa ta nuna gajiya. Kowane launi saƙo ne da gefen ido ke kamawa kafin tunani ya iso. A ganina tun bayan 3rd Strike ba a samu inda kyau da bayani suka tafi kafaɗa da kafaɗa kamar nan ba.

Tunda ana naɗar motsin mutane na gaske, masu tsara motsi sun rasa aiki ke nan?

A'a. Ana sa wa gwanin faɗa kaya masu alamomi, kyamarori su naɗi motsinsa, a ɗora a kan ƙwarangwal ɗin jarumi. Wannan ɗanyen kaya ne. Shurin mutum na gaske yana da jinkirin tashi, ba ya kuma tsayawa a inda ido zai more shi. Sai mai tsara motsi ya datse farkonsa ya dace da adadin firam da aka yanka masa, ya ƙara buɗe ƙafar, ya riƙe tsayuwar da ta fi fito da siffar jarumin. Sannan akwai ɗan daskarewar nan ta 'yan firam da jarumai biyu ke yi daidai saukar bugu. Babu ita a zahiri, amma ita ke sa ka ji naushi a ƙirjinka. Tun zamanin ɗigo ake yin ta, har yau ba a daina ba.

Wasa ta intanet ya shafi yadda ake tsara motsi?

Ƙwarai. Saƙon maɓallin abokin karawarka yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Tsohuwar hanya ita ce a jinkirta kowa har saƙon ya zo. Sabuwar, wadda Tony Cannon, ɗaya daga waɗanda suka kafa Evo, ya yaɗa da manhajarsa GGPO, ita ce wasan ya yi hasashen abin da abokinka zai yi ya ci gaba. In hasashen ya kuskure, sai ya koma baya a ɓoye ya gyara, ya nuno maka inda ya kamata a ce ana. Abin da ka rasa shi ne firam biyu ko uku na farkon motsinsa. Don haka motsin da ke da bayyanannen ɗaga hannu ya fi jure wannan yanka. An sa GGPO a 3rd Strike da aka sake fitarwa a 2011, Street Fighter 6 ma irin wannan tsari yake bi.

In ina son in ga bambancin da idona, daga ina zan fara?

Ɗauki jarumi ɗaya da dabara ɗaya ka bi su. Shoryuken na Ken, wato naushin da yake tashi sama da shi, ya dace, don yana cikin kowane wasa tun 1987. Nemi bidiyonsa a Street Fighter II, da 3rd Strike, da na huɗu, da na shida, ka rage gudun bidiyon zuwa rubu'i. A na 1991 za ka iya ƙirga zanen da yatsun hannunka. A na 1999 ka bi gashinsa da bakin wandonsa, yadda suke makara a bayan jiki. A na 2008 ka duba fuskar wanda aka naushe. A na 2023 ka sa ido kan ƙafar da yake tokare ƙasa da ita kafin ya tashi, da yadda ƙugu ke juyawa kafin hannu. Idan kuma Elena ce ta fi burge ka, ta dawo Street Fighter 6 a Yunin 2025, sai ka jera sabuwar rawarta kusa da wadda aka zana da hannu a 1997.